Wasiƙa daga Landan: kasuwar tsofaffin kan sarki

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da iyali da sauran 'yan'uwa na Argungu da na Birnin Kebbi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Ka ce in riƙa ba ka labarin kaya da hidimomin ƙasar nan, mu auna su da na gida. Na abinci da kuɗin haya mun sha yin sa a waya. Yau na gidan waya zan ba ka, domin ina da wata buƙata a wurinka, kuma ba za ka ga dalilinta ba sai na yi maka bayani.

A nan ba ka da buƙatar kama hayar akwati a gidan waya. Ma'aikaci ne ke bin gida-gida, ya zura maka wasiƙa ta wata kafa da aka yanka a jikin ƙofa. Takardar asibiti, ta banki, ta haraji, duk ta nan suke shigowa. Sai dai da tsada: kan sarki guda na wasiƙar gaggawa ya haura fam ɗaya da rabi, kuma kusan kowace shekara sai an ƙara. Ni a ganina, in dai daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ne, yadda muke ba direba saƙo a tasha mu haɗa shi da lambar waya ya fi sauri, ya fi araha. Mu amana ke kai mana saƙo, su kuwa adireshi da rasit.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kasuwar tsofaffin kan sarki. Sana'a ce sosai, da dillalanta da gidajen gwanjonta. A kan titin Strand akwai shagon Stanley Gibbons, kamfanin da ya faro tun 1856, kuma su ke buga kundin da ya lissafa kan sarkin ƙasashe, kowanne da lambarsa da farashinsa. Mai saye da mai sayarwa duk da wannan kundin suke ciniki, galibi a tsaya ƙasa da abin da aka rubuta. Kamfanin nan ne ya sayi wani kan sarki na British Guiana (ƙasar Guyana ta yau, a Kudancin Amurka) na 1856 a gwanjon da aka yi a Amurka a 2021, a kan dala miliyan 8 da ɗoriya, saboda ƙwaya ɗaya tak aka sani ya rage a duniya.

Da jin haka za ka ɗauka tsufa ne ke sa daraja. Ba shi ba ne. Kan sarki na farko a duniya, baƙi mai hoton Sarauniya Biktoriya, wanda ake kira Penny Black, ya fito a watan Mayun 1840, amma an buga wajen miliyan 68, don haka mai lahani ana samun sa da kuɗi kaɗan. A lokacin ba a fara yi wa kan sarki haƙoran gefe ba, da almakashi ake yanka shi daga faifan takarda. Wanda almakashi bai ci jikin hotonsa ba, fari ya rage a gefe huɗu, shi ake rububi. Ƙaranci da lafiyar takarda su ne kuɗin. Wani lokaci ma kuskuren maɗaba'a: a 1918 Amurka ta buga wani mai hoton jirgin sama, faifai ɗaya mai guda 100 ya fita kasuwa jirgin a kife, a 2023 ɗaya daga cikinsu ya kai dala miliyan 2.

Yadda suke dubawa ya burge ni ƙwarai. Dillali ba ya taɓa kan sarki da yatsa, sai da matsefata mai faɗin baki, don gumin hannu yana ɓata takarda. Zai sa gilashin ƙara girma, ya ƙirga haƙoran gefe da ma'auni, ya juya bayansa ya ga ko ƙaron asali na nan, kamar yadda dillali a kara ke buɗe bakin sa kafin ya faɗi kuɗinsa. Sannan ya nemi alamar ɓoye da ke cikin takardar, wadda ba a gani sai an ɗaga ta ga haske ko an ɗiga wani ruwa na musamman. In abu mai tsada ne, sai a aika wa kwamitin masana, irin na Royal Philatelic Society da aka kafa a 1869, su ba da takardar shaida mai hoto cewa na gaske ne. Ba tare da ita ba mai babban kuɗi ba zai saya ba, domin jabu sun yi yawa.

To Yaya, cikin wancan kundin akwai shafin da aka rubuta Northern Nigeria a kansa, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙasarmu ta Arewa ta yi kan sarki nata na kanta daga 1900, tun ma kafin Turawa su shiga Sakkwato a 1903. Na farko masu kan Biktoriya, daga 1902 masu kan Sarki Edward na Bakwai, a 1912 masu kan Sarki George na Biyar, duka bugun kamfanin De La Rue na Landan. Da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914 sai aka koma rubuta Nigeria kawai. Na Edward za ka ga biyu iri ɗaya sak a ido, launi ɗaya, kuɗi ɗaya, amma na farkon alamar ɓoyensa kambi guda ne da haruffan CA, na baya kuwa kambin ya cika takardar, kuma farashinsu daban. Uban su duka shi ne na fam 25 da aka fitar a 1904. Babu wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi, don biyan lasisin gwamnati aka yi shi, kaɗan ne suka tsira, yau dubun-dubatar fam ake sayen ɗaya. Raina ya sosu da na ga a nan ne ake adana waɗannan abubuwa cikin leda marar cin takarda, a ɗakin da babu laima, mu kuwa namu gara da ɗigar damina ke rabawa.

Ga buƙatar. Adakar marigayi Kaka da ke ɗakin Inna, wadda ya tara takardunsa na zamanin da yake akawu a En'e, don Allah ka nemi izininta ka buɗe. Kada ka sa rai da dukiya. Mafi yawan abin da za ka samu, har da na kobo 30 mai hoton bikin kamun kifin Argungu da ya fito a 1973, an buga su da yawa, ba su da wani farashi. Abin nema shi ne tsofaffin ambulan da kan sarkinsu a manne, da hatimin gidan waya yana karantuwa. Masu tara kayan Najeriya sun fi ɗokin hatimin ƙananan garuruwa a kan na Legas, domin wasiƙun da suka fita daga can kaɗan ne. In ka ga na Birnin Kebbi, ko Yelwa, ko Gusau, ko Kauran Namoda inda dogo ya tsaya a 1929, ka ware su gefe. Kada yara su ɓamɓare kan sarkin, kada a jiƙa, kada a liƙa salatef a inda ya yage. Ambulan ɗin cikakke ya fi daraja, domin shi ke nuna ranar da wasiƙa ta tashi da hanyar da ta bi.

Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowanne ka turo mini ta WhatsApp, in kai wa masana su duba. Ni dai ba na son a sayar da ko ɗaya mai rubutun hannun Kaka, amma wannan shawara ce ta gida, kai da Inna za ku yanke. Zan aiko da kundin ajiya da matsefata ta hannun mai zuwa gida kafin azumi, in Allah ya yarda. Kafin nan a ɗaga adakar daga ƙasa, a ɗora ta a kan bulo nesa da bango.

A gaida Inna da kyau, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
daga Landan