Tazarar amincewa ta kashi 95 da ta kashi 99: wacce za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tunda 99 ta fi 95, me ya sa malaminku na ƙididdiga kullum yake ba ku aiki da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari. Tazarar amincewa ita ce iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, da ake lissafowa daga ɗan abin da aka auna don nuna inda ake sa ran ainihin adadin yake. Bari mu jera su biyun a kan misali guda.

A ce akwai dubban buhunan masara a sito, ka zaɓi 100 ta hanyar ƙuri'a ka ɗora kan sikeli. Matsakaicin nauyinsu ya fito kilo 98, ma'aunin warwatsuwar nauyin (yadda buhunan ke nisanta daga matsakaicin) kuma kilo 5. Sai ka raba 5 ɗin da tushen murabba'in 100, wato 10, ka samu 0.5. Har nan duk hanya ɗaya suke bi.

Inda suka rabu shi ne lambar da ake ninka 0.5 ɗin da ita. Ta kashi 95 tana amfani da 1.96, sai ka samu kilo 0.98 sama da ƙasa, wato daga 97.02 zuwa 98.98. Ta kashi 99 tana amfani da 2.58, sai ka samu kilo 1.29, wato daga 96.71 zuwa 99.29. Buhunan nan dai su ne, sikelin bai canza ba. Ta 99 ba ta ƙara maka sanin komai a kan masarar ba, buɗe baki kawai ta yi. Kamar a tambaye ka ina motar kaya take, ka ce tana tsakanin Kaduna da Kano: da wuya a ƙaryata ka, amma wanda ya ce tana tsakanin Zariya da Kwanar Dangora ya fi amfanar mai jiran kaya.

Kada kuma ka ɗauka kashi 95 na nufin buhuna 95 cikin 100 nauyinsu yana cikin wannan tazara. Ko kusa. Maganar matsakaicin nauyin duk buhunan siton ake yi. Yadda Jerzy Neyman ya tsara abin a 1937, amincewar a kan hanyar lissafin take: in za a yi ta maimaita zaɓen buhuna 100 ana fitar da tazara, kusan 95 cikin kowace tazara 100 za su kama ainihin matsakaicin, 5 su kuskure. Ta 99 kuwa ɗaya ce za ta kuskure. Ita wadda ke hannunka, ko ta kama ko ba ta kama ba, kuma ba za ka sani ba.

Shaharar 95 al'ada ce, ba dokar lissafi ba. Ronald Fisher ne ya yaɗa amfani da iyakar kuskuren kashi 5, wato ragowar 95 ɗin, tun 1925, aka ga ta yi daidai wa daida, aka bi. A ganina, don aikin aji ko binciken kasuwa ta ishe ka. Sai inda kuskure ke da tsada ƙwarai ake matsawa zuwa 99.

In kana son amincewar 99 ba tare da faɗin ya yi yawa ba, jikinka ne zai gaya maka: ka auna buhu 400. A nan 0.5 za ta koma 0.25, tazarar 99 ta zama kilo 0.64 sama da ƙasa, ta ma fi ta 95 ɗin farko matsewa. Kullum sai ka ninka samfur, wato yawan abin da ka auna, sau huɗu kafin faɗin ya ragu da rabi.

Idan samfurin ƙarami ne, lambobin nan biyu ba sa aiki. Da buhu 10 kacal, sai ka koma teburin t na William Gosset, wanda ya fitar a 1908 yana ma'aikacin Guinness a Dublin: 2.26 maimakon 1.96, da 3.25 maimakon 2.58. Kuma in buhunan bakin ƙofa kaɗai ka jawo don sun fi sauƙin ɗauka, ko 95 ko 99 babu wadda za ta gyara maka lissafin.