PhotoScan: manhajar da na kwashe hotunan marigayiya mai ɗakina da ita

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tsohon hoto da kyamarar waya ya san ciwon kan: ƙyalli. Ko hasken taga ya zauna a goshin mutum, ko inuwar hannunka ta cinye rabin fuska. Maganin wannan ne ya sa Google ya fitar da PhotoScan a Nuwamban 2016, kyauta, ga masu Android da iPhone. Da ita na kwashe hotunan mai ɗakina, Allah ya jiƙanta da rahama, don kundin hotunan ɗaya ne, 'ya'ya kuwa kowa na cewa a ba shi.

Aikinta ba wuya. Ka shimfiɗa hoton a tebur ka danna, sai fararen ɗigo huɗu su fito. Ka kai wayar kan kowane ɗigo, ka ɗan tsaya har ya cika. Da yake ƙyalli na sauya wuri duk sanda waya ta motsa, abin da ya ɓuya a ɗauka ta farko sai ya bayyana a ta gaba, ita kuma ta haɗe su su zama hoto guda. Tana yanke gefe, ta miƙe wanda ya karkace. Na cikin firam ba sai ka ciro daga gilashi ba. Haka waɗanda suka manne da ledar kundi, waɗanda in ka ce sai ka ɓamɓaro su, fuskar ce za ta bi ledar. Mai rawar hannu irina zai ɗan sha fama da ɗigon nan. Jikata ce ta ce, "Kaka, ba karkata wayar za ka yi ba, tafiya za ka yi da ita a kwance." Daga nan aiki ya miƙe.

Amma ba saurin ne ya sa nake yabonta ba. Ɗana na biyu ya sa hoton mahaifiyarsa na ƙuruciya a wata manhaja daban, irin masu gyaran fuskar nan, ya turo mini yana murna. Mace ce kyakkyawa, fata sumul, haƙora a jere reras. Wushiryar nan da duk wanda ya san ta yake fara tunawa, babu. Ɗan tabon haɓarta ma an share. Ya ce, "Baba, ai ya fi fitowa." Na ce ya fito kam, amma wace ce wannan? Irin waɗancan manhajoji ba dawo da abin da ya dushe suke yi ba, cike gurbi suke da kintace daga fuskokin wasu mutane. PhotoScan ba ta ƙara komai a fuska. Inda hoton ya kwanta a aljihu ya yi layi, layin na nan. Inda launi ya koɗe, a koɗe zai fito. Wani zai kira wannan gazawa. Ni kuwa ƙananan jikokin da ba su yi wayo da ita ba nake dubawa, don wannan fuskar za su riƙe a matsayin kakarsu, gara ta zama tata.

Tana da iyaka, a sani. In kana son a buga hoton ya yi girman rataye a bango, nemi na'urar sikana a ɗaukar maka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Waya ba za ta kai nan ba, balle a ƙaramin hoton fasfo. Sannan hoton zai ɗauki kwanan ranar da ka kwafe shi, sai ka shiga Google Photos, manhajar ajiye hotuna ta Google, ka gyara shekarar da hannunka, in ba haka ba hoton aurenku zai jeru da na makon jiya. A kuma tuna ma'ajiyar kyauta ta Google 15GB ce, tare da Gmail da Google Drive ake cin ta.

Abin da manhajar ba za ta tuna maka ba shi ne bayan hoton. Marigayiya ba ta ajiye hoto sai ta yi rubutu a bayansa: shekara, sunan yaro, wani lokaci har da tsokana, kamar inda ta rubuta cewa wannan ya yi kuka kafin a ɗauka da kuma bayan an ɗauka. Ka kife kowane hoto ka ɗauki bayansa nan take, don su biyo juna a jeri. A nan kashe maɓallin cire ƙyalli na manhajar ya fi, danna ɗaya ya isa.

In ka ɗora su a Google Photos, zai riƙa ɗago maka su jefi-jefi da sunan tunawa, ba sallama. Ana iya ɓoye fuska ko kwanan wata a saituna. Babbar 'yata ta ɓoye, ta ce ba za ta iya ba a tsakiyar aiki. Nawa na bar shi a buɗe.