Bindigogi huɗu na gwada a Houston kafin na kai ɗaya gida

Shekara tara ina zaune a Houston, a jihar Texas ta Amurka, ban taɓa tunanin ajiye bindiga ba. A Zariya inda na tashi, bindiga ta mafarauta ce da jami'an tsaro, sai kuma 'yan fashi. Aiki ne ya sauya min ra'ayi. Babbar mota nake tuƙawa, nakan yi kwana huɗu ko biyar a hanya, ga uwargida da yara biyu a gida. Wata asuba ta tashi ta tarar an ɓalle ƙofar gareji, an kwashe kekunan yara da akwatin kayan aikina. Ba a shiga cikin gida ba, amma tsakanin garejin da kicin ɗinmu ƙofa ɗaya ce tak. Da na dawo ta ce, "Abban yara, ko dai mu bar unguwar nan, ko ka san abin yi." Tashi bai yiwuwa a lokacin.

Kuɗin bindiga ɗaya nake da shi, saboda haka dole ta yi aiki biyu: mu riƙa zuwa filin harbi da ita, ta kuma kwana a gida. Dole kuma mu biyu mu iya sarrafa ta, tunda wadda za ta fi buƙatarta ita ce ke kwana a gidan, ba ni ba.

Shagon farko da na shiga, mai sayarwar na jin na ambaci mata sai ya ciro wata 'yar mitsitsiyar fistol ya ɗora a kan gilashi, wai ita ce daidai hannun mace. Ni ma haka na zata. Saura kaɗan in biya. Abin da ya cece ni shi ne ajin koyon harbi na yini ɗaya da muka riga muka biya wa kuɗi. Malamin, wani dattijo tsohon soja, ya ce kada wanda ya sayi komai sai ya yi hayarsa ya harba aƙalla harsashi 50. Yawancin filayen harbi a nan suna ba da haya; inda muka je dala 15 ne kowace bindiga, sai kuɗin layi da na harsashi. Asabar uku muka yi muna wannan zirga-zirga.

Da ƙaramar muka fara, SIG Sauer P365. Ta fito a 2018, tana cin harsashi 10 na milimita 9, nauyinta wajen rabin kilo. Don ɓoyewa a ƙugu aka ƙera ta, kuma a wannan aikin ba ni da abin cewa. Sai dai ga abin da mai shago bai faɗa min ba: harsashin da ƙarama ke harbawa shi ne babba ke harbawa, ƙarfin albarushin ɗaya ne. Babba tana da nauyin da zai shanye shurin, ƙarama kuwa tafin hannunka take miƙa wa. Ƙaramin yatsana ya rasa wurin zama a mariƙin. Uwargida ta harba sau goma ta ajiye tana yarfe hannu. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajeriya ce, ɗan karkacewa kaɗan sai ka ga harsashi ya bar tsakiyar takarda da taƙi guda. Ba laifin bindigar ba ne, mu ne muka ɗauko allura za mu haƙa rijiya. Wadda za ta kwana a akwati a gefen gado ba ta da dalilin zama ƙarama.

Sai libarba, Smith & Wesson 686, mai harsashi 6. Zallan ƙarfe ce, ta haura kilo ɗaya. An yi ta don harsashin .357 Magnum mai ƙarfi, amma tana ɗaukar .38 Special, kuma da wannan ƙaramin harsashin harbinta kamar wasa. Na so ta ƙwarai. Babu abin ja, babu abin ɗanawa, ka buɗe ka zuba ka rufe. Matsalar kunamar ce. In ba ka ɗaga gudumar da babban yatsa ba, jan kunamar dogo ne mai nauyi, ya kusa ninka na sauran bindigogin da muka gwada. Uwargida na ja, bakin bindigar na rawa. Sake lodi kuma ɗaya bayan ɗaya, a filin da ba wanda ke bin ka ma sai da harsashi biyu suka zube min ƙasa. Da .357 na gwada sau shida, ƙarar ta sa na kusa da mu ya leƙo. A cikin ɗaki da dare ba na fatan jin wannan ƙara.

Gasar gaskiya tsakanin biyun ƙarshe aka yi ta: Smith & Wesson M&P9 M2.0 da Glock 19.

In don ni kaɗai ne, M&P zan ɗauka. Tana cin 17, tana zuwa da bayan mariƙi huɗu da za ka sauya har ka samu daidai tafinka, kuma ina ɗaga ta saitin ke faɗawa inda idona yake. Da ita na fi tara harsashi wuri ɗaya. Mariƙinta yana da kaushi kamar sanfefa, abin da ya yi min daɗi saboda hannuna na gumi, ita kuwa uwargida bayan harsashi 50 tafinta ya yi ja. Wadda muka yi haya tana da makullin babban yatsa. Sau biyu uwargida ta auna ta ja kunama, shiru, ta manta ba ta sauke shi ba. Akwai irinta marar makullin, amma abin ya nuna mana wani abu game da kanmu: a natse ma mun manta, ina ga an farka a firgice ƙarfe uku na dare.

Glock 19 ba ta da kyan gani, kamar bulo aka sa wa mariƙi. Kamfanin na ƙasar Ostiriya ne, sojojin ƙasar suka fara karɓar Glock 17 a 1982, ita kuma 19 ƙanwarta ce da ta biyo baya a 1988. Tana cin 15, bututunta inci 4, nauyinta da magazin (gidan harsashi) ba komai a ciki wajen giram 670. Ba ta da makullin da za ka sauke da hannu. Kariyarta uku suna ciki, kuma jan kunama ne kaɗai ke sakin su. Ma'ana ba za ta tashi don ta faɗi ƙasa ba, amma duk abin da ya ja kunamar, yatsa ne ko igiyar riga, to ta tashi. Hannun uwargida ya zagaye mariƙin, ta iya jan murfin saman baya bayan malamin ya nuna mata dabara: ta riƙe murfin kam, ta tura gangar jikin gaba da ɗayan hannun. A yadi 7 ta zuba goma sha biyar cikin faɗin faranti. Ta cire abin toshe kunne ta ce, "Wannan ce." Ban yi musu ba.

Me ya sa yadi 7? Na auna da tef, daga ƙofar ɗakinmu zuwa ƙarshen barandar cikin gida bai kai haka ba. Masu gasa su yi ta yadi 25 ɗinsu.

Sayen bai ɗauki minti arba'in ba. Na cika fom mai lamba 4473, suka tura sunana ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS, amsa ta dawo nan take. Dokar tarayya ta ce sai mai shekara 21 zai sayi ƙaramar bindiga a wurin dillali mai lasisi. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukuncinsa haramci ne sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa. Ɗalibanmu su kiyaye, abin yana iya kai mutum kurkuku da kora daga ƙasa. Texas ke nan. A California sai ka jira kwana 10, a New York sai da lasisi. Wani ƙanina a Kaduna da ya ji labari ya ce in kawo masa tsarabar irinta. Na ce ya rufa min asiri: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba suna cikin jerin da sai da lasisin shugaban ƙasa.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan, mun harba wajen harsashi 2,500. Sau uku ta tsaya, duka a watan farko, duka a hannun uwargida: kwanson harsashi ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita. Malamin ya duba ya ce wuyan hannunta ne ke lanƙwasawa, murfin bai samun abin tokara da zai koma baya sosai. Ta gyara riƙo, ba a sake ba. Abubuwan da ban so ba ƙanana ne. Saitin da ta zo da shi na roba ne, na sauya da na ƙarfe mai haske a duhu. Kusurwar mariƙinta takan sa bakin ya ɗaga sama in ban lura ba, sai da na yi makonni kafin hannuna ya saba. Wanda ya fi muhimmanci: kafin ka kwance ta don wanki sai ka ja kunama. Saboda haka magazin waje, a ja murfi, a duba da ido, a taɓa da yatsa, kuma ba harsashi ko ɗaya a ɗakin da nake wankin. Ba na karɓar waya a lokacin.

Kuɗin bindigar, dala 550 da 'yan kai, shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Kwalin harsashi 50 na atisaye nakan saya dala 13 zuwa 15, kuma kowane zuwa muna ƙone kwali uku. Na gida daban ne, mai rami a baki, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki don kada ya zarce. Kwalin 20 ya fi kwalin 50 na atisaye tsada. Ko da shi ban sakankance ba. Bangon gidajen nan ba bulo ba ne irin namu, katako ne da siririn allon farar ƙasa, harsashin da ya kuskure yana ratsa bango fiye da ɗaya. Mun zauna mun zana gidan a takarda, mun ga ɓangaren da ɗakin yara yake, mun yarda ba a auna can ko me ya faru. Tsarinmu ma ba na fita farautar ɓarawo ba ne: a tattara yara ɗaki ɗaya, a kulle, a kira lambar gaggawa ta 911.

Akwatin ajiya shi ya fi ba ni wahala. Na farko da na saya mai karanta zanen yatsa ne, mai araha, ba zan ambaci kamfanin ba. In hannu da man shafawa ko danshin alwala, sai ya ƙi buɗewa, uwargida kuwa lallenta ma ya ishe shi rikicewa. Na mayar, na sayi mai maɓallai biyar da ba ya amfani da batir, na ɗaure shi da kusoshi a jikin katakon gado. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai lodi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ko ba doka, alƙaluman sun isa su hana uba barci: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu, kuma a 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Gidan da ke da mai fama da ciwon damuwa, ko miji da mata masu yawan faɗa, ni dai ba zan ba su shawarar ajiye ta ba, kowace iri ce. Babban ɗana yana da shekara 11. Na nuna masa ita sau ɗaya ba lodi, don in kashe masa ƙwaɗayin leƙe, na kuma gaya masa abin da zai yi in ya ga irinta a gidan aboki: kada ya taɓa, ya fita, ya gaya wa babba.

Ga mai neman guda ɗaya da za ta yi fili ta yi gida, matsakaiciyar milimita 9 nake ba da shawara, Glock 19 ko M&P, duk wadda ta zauna a hannun wanda ya fi rauni a cikin manyan gidan. Wanda jan murfi ke yi wa wuya, ya duba libarba da .38 Special. Ƙaramar a bar wa masu yawo da ita a ƙugu.

A zuwanmu na ƙarshe uwargida ta yi hayar Ruger Mark IV, mai ɗan harsashin .22, wanda kuɗin uku ko huɗu nasa ne kuɗin ɗaya na milimita 9, kuma kusan ba ta shuri. Ta harba 200 ba ta gaji ba, ta kuma fi ni maki. Ba don tsaron gida ba ce, don atisaye ce. A mota ta ce ta lissafa, cikin shekara ɗaya rarar kuɗin harsashi za ta biya kuɗin bindigar. Na ce sai na fara sayen tocilar da ake maƙalawa a ƙarƙashin bututun Glock ɗin, tunda har yanzu ta hannu muke ajiyewa a gefen akwatin.