Kundin sitikar Panini na Qatar 2022: mun cika shi, amma harkar ta sauya

Ni da ɗana muka sayi kundin, wato littafin da ake liƙa sitikar hotunan 'yan wasa a ciki, a wani kanti kusa da gidanmu a Landan, tun kafin a fara gasar cin kofin duniya. Gurbi 670 ne za a cike, kowane fakiti kuma sitika biyar ne, kuɗinsa bai kai fam ɗaya ba. Takardar tana da kauri, hotunan sun fito tas, sitikar kuma in ta kama ta kama. Kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya tun gasar Meziko ta 1970 yake wannan aiki, kuma hannunsa ya faɗa.

Abin da ya ɗan sosa min rai ba laifinsu ba ne: babu shafin Najeriya, tunda Ghana ta fitar da mu a Abuja. Na 2018 kam har yanzu nakan buɗe shi don in ga Ahmed Musa. Sadio Mane yana cikin na Qatar, alhali rauni ya hana shi zuwa.

Daɗin abin duk a musaya yake. Yaro ya dawo daga makaranta aljihu cike da waɗanda suka maimaitu, a zube su a tabarma, a yi ta cinikin biyu da ɗaya. To amma a nan na ga sauyin. Da na shiga intanet neman 'yan ƙalilan da suka rage mana, sai na tarar manya sun mamaye fagen, kuma ba liƙawa suke yi ba. Messi ko Mbappe ya fito, sai a sa shi a leda, a aika wa masu tantancewa su ba shi maki daga 1 zuwa 10, a rufe cikin roba a jira farashi ya hau. A shekarar ce aka sayar da katin hoton Mickey Mantle, ɗan wasan baseball na Amurka, na 1952 kan dala miliyan 12.6, rigar Maradona ta 1986 kuma sama da fam miliyan 7 a gwanjon Sotheby's. Kowa ya ji wannan, ya fara kallon sitikar yara da idon ɗan kasuwa.

Wani ma ya tsawwala min kuɗi a kan guda ɗaya tak, na ce ya riƙe kayansa. A ƙarshe wajen kamfanin na yi odar ragowar, suka iso lafiya. Ɗana ne ya liƙa ta ƙarshen, a ɗan karkace, na bar ta haka.