Takin dabbobi ko takin zamani: me ke cikin kwandon tumatir na Mile 12?

Yawancin tumatir da attarugun da ke cika kasuwar Mile 12 da ke Legas daga Arewa ake kawo su, daga wurare irin su Kadawa a jihar Kano, kuma akasari da takin zamani irin su NPK da yuriya da maganin feshi aka noma su. Wanda aka noma da takin dabbobi ba feshi kuwa, sai ka nema a manyan kantunan Lekki da Ikoyi, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ɗan albashi a Agege.

Ta fuskar gina jiki, bambancinsu kaɗan ne. Inda na fi damuwa shi ne magani. Manomin da ya fesa yau ya tsinke gobe ya bar guba a jikin kayan. Haka wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan dichlorvos, maganin ƙwarin da wasu ke zubawa a buhu.

Takin dabbobi yana raya ƙasa, tana riƙe ruwa, amma amfanin da ake samu ya fi ƙanƙanta, kuma in bai ruɓe sosai ba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Takin zamani yana cika rumbu da wuri, rararsa kuma tana gangarawa cikin rafi. Ni dai nakan sayi na kasuwa, in wanke shi sosai, wake kuma sai na shinshina kafin in biya.