Littattafan yara shida na saya, ɗaya ne ya zo da bakinsa

Bayan ƙaramar sallah na ga tallar a wani zauren WhatsApp na iyayen yara. Littattafan labari ne guda shida cikin Hausa, da hotuna masu launi, kowanne da wata lamba a bayan bango wadda in ka haska ta da kyamarar waya sai ka ji ana karanta maka labarin. Na daɗe ina neman irinsu, don yarana sun fi sakin baki da karatun Turanci a kan harshen da aka yi musu huɗuba a cikinsa, kuma abin yana ba ni kunya duk ranar da muka je gaida surukata. Na tura naira dubu 18, na biya ɗan sahu ya kawo mini har ƙofar gida a nan Kano. Yau wata uku ke nan muna tare da su. Mata biyu sun riga sun tambaye ni ko su saya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Masu gwajin su uku ne. Akwai babban ɗana da muke ce wa Abba, shekararsa 11, sai Hafsa mai 8, sai autarmu mai 5 wadda ba ta fara haɗa baƙi ba, nata aikin sauraro ne da dangwala yatsa a kan hoto.

Ta fuskar kaya ba ni da ƙorafi mai yawa. Takardar tana da kauri, bangon yana da santsi, auta ta zuba wa ɗaya kunu na goge ya fita. Ɗinkin ne bai yi ƙarfi ba, shafin tsakiya na guda biyu ya riga ya zare, sai da na bi da gam. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne littattafai biyu an buga su babu haruffa masu lanƙwasa. Hafsa ta karanta inda aka ce mota ta wuce, kura ta tashi, ta ɗago kai tana tambayata ina kurar take kwance tun farko. Ƙura ake nufi. Babba zai gane daga ma'ana, amma yaron da yanzu yake koyon bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, ka ɓatar da shi. A kuɗin nan bai kamata a ce ba a samu mai duba wannan ba.

To amma ba shi ne ya sa na zauna rubutu ba. A mako na farko mun karanta duka shidan, ɗaya kowane dare bayan isha'i. A mako na biyu na bar su su zaɓa da kansu. Daga ranar har yau, mai jan bango suke ɗaukowa. Sauran biyar suna nan a kan kanta, fes da su kamar kayan lefe. Na ɗan jima ina tunanin dalili, don ba shi ya fi su kyan hoto ba, labarinsa ma in ka taƙaita shi bai taka kara ya karya ba: yarinya ce aka aika kai niƙa, akuyar maƙwabta ta biyo ta, ta dawo gida ba gari ba canji ba takalmi ɗaya.

Bambancin shi ne yarinyar ce da kanta take ba da labarin, kuma tana da baki. Tun layin farko ta fara da rantsuwa cewa ba laifinta ba ne, alhali ba wanda ya tuhume ta tukuna. Tana cikin magana sai ta kauce ta shiga zancen yayanta da ya ci mata ƙosai shekaranjiya, sai ta tuna ta ce, to ina muka tsaya. Duk inda za ta shara ƙarya sai ta ce "ni dai ba na ƙarya", kuma hoton da ke gefe yana nuna akasin abin da ta faɗa. Ta ce ta tsaya ne kawai ta ɗaure zanenta, hoto ya nuna ta durƙushe tana kallon masu wasan langa. A nan Abba ya fashe da dariya ya ce, "Umma, wallahi ƙarya take!" Na ce ina ka sani? Ya ce ai duk sanda ta ce ba ta ƙarya, to ita za ta yi. Yaro ya gano halin mutum daga yadda yake magana, ba wanda ya tsaya ya yi masa bayani. Hafsa kuwa, da ta fasa mini kofi ranar wata Asabar, ta tsaya a bakin kicin ta langaɓe kai ta ce, "Umma, ni dai ba na ƙarya." Dariya ta hana ni yi mata faɗa.

Sauran fa? Uku daga cikinsu ba ka san wanda ke magana ba. Wane yaro ne mai ladabi. Wane yana son makaranta. Wata rana wane ya tsinci kuɗi a hanya. Jimla bayan jimla, tsaf-tsaf, babu kuskure, babu kuma numfashi, kamar sanarwar da ake liƙawa a allon ofis. Sunayen yaran ne kawai suka bambanta, da za ka cire shafi daga wannan ka sa a wancan ba wanda zai lura. A ƙarshen kowanne akwai akwati mai launi da aka rubuta darasin da ke cikin labarin. Abba yana zuwa wurin sai ya rufe littafin, ya ce ya sani. Kuma ya sani ɗin, tun shafi na biyu.

Ɗaya kuma fassara ce, ko da yake ba a rubuta haka a jiki ba. Kunne ne ya gaya mini. Yaro ya yi murmushi daga kunne zuwa kunne, uwa ta ce ya je ya ɗauki wanka kafin ya kwanta, yana kiran ƙanwar babansa da sunanta tsirara. A wane gida? Surukata tana zaune ina karanta wa auta wannan, ta katse ni ta ce, "Wannan yaron ba shi da gwaggo ne?" Hajiya Bakatsiniya ce, ba ta ɓoye abin da ke ranta.

Kar a ɗauka aron labari nake kushewa. Littafin da iyayenmu suka tashi da shi a firamare, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937 daga Zariya, da yawa daga labaransa aro ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai. Amma ya sa su a bakin aku, tsuntsu mai wayo da iya fadanci, wanda ke jan zance dare bayan dare don ya hana ɗan sarki Musa fita. Akun yana da dalilin da ya sa yake magana, yana da wanda yake yi wa, yana da abin da zai rasa in labarin bai yi daɗi ba. Shi ya sa ba ka jin ƙamshin baƙunta a jikin labaran. Haka Ruwan Bagaja, da ya fito daga gasar rubutu ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara: mai labarin ne da kansa yake zuba, da cika bakinsa da shaƙiyancinsa, kana dariya kana cewa anya kuwa. Na karanta shi ina aji shida, na manta rabin garuruwan da ya ratsa, amma muryar tana kunnena. Mai fassarar littafin da na saya kalmomi ya kwaso, ya bar mai maganar a can inda ya samo su.

Daren da Hajiya ta yi wannan tambaya, ita ta karɓi hirar. Ta ce, "Gatanan gatananku." Yaran suka yi shiru suna kallona, sai da na raɗa musu su ce ta zo mu ji ta. Wannan ma abin kunyata ne, na karɓa. Ta kawo ta Gizo da Ƙoƙi, wadda na ji sau ba adadi. Da ta zo kan Gizo sai ta karya harshe ta yi tsamin bakinsa, sarki ya koma "sayki", da ta zo kan kura ta buɗe maƙogwaro. Tana tsayawa ta tsokani Abba, ta ce mai gidana wannan haɗamar irin taka ce. Ta yi waƙar da ke tsakiya, suka amsa. Kafin ta kai ƙurunƙus, auta da ke barci tun kafin a gama shafi uku na littafin ladabi tana zaune daram, ido ƙur. Ina kwance a daren na gane abin da mai jan bango ya yi: ya samo hanyar sa wannan abin a takarda. Ba tatsuniya ba ce, ba Gizo ba aljani, amma akwai mutum a ciki da yake kallonka yana magana.

Na gwada wani abu don in tabbatar ba son zuciyata ba ce. Na ɗauki labarin yaron da ya tsinci kuɗi, na rufe littafin, na ba su shi da bakina kamar ni ce yaron, ina ta lissafin tsiren da zan saya da kuɗin kafin zuciyata ta fara damuna. Suka saurara har ƙarshe, Hafsa ma ta ce in sake. Labari ɗaya ne, darasi ɗaya. Ashe ba labarin ne ya gundure su ba.

Na shida yana tsaka-tsaki. Tsohon direban babbar mota ne yake ba jikansa labarin tafiya daga Kano zuwa Agadas, ta Katsina da Maraɗi. Shafukan farko sun yi armashi, da tsohon yake ƙorafin ciwon baya yana zagin wata taya da ta fashe masa, ya kuma kira yaron motarsa da wani suna na tsokana. Daga tsakiya sai marubucin ya manta da tsohon, ya koma jero bayanai kan hamada da raƙuma kamar littafin nazarin ƙasa. Abba ya ce, "Kakan ya tafi." Bai faɗi inda ya je ba, amma na fahimce shi. Da an bar tsohon ya faɗi maganar raƙuman da bakinsa, ko da rabin bayanin zai zube, da littafin ya yi gogayya da mai jan bango.

Sai batun sauti, wanda shi ne ya fara jan hankalina a tallar. Lambar tana aiki, ba ta cin data sosai, kuma ana iya sauke karatun a ajiye a waya, abin da ya taimaka ranakun da sabis ke wasa. Mai jan bango wata budurwa ce ta karanta shi, kuma ta iya, har da jan numfashi irin na yarinyar da ke shirya ƙarya. Na direban wani dattijo ne, shi ma ba laifi. Sauran huɗun ina kyautata zaton na'ura ce ta karanta. Muryar ba ta hawa ba ta sauka, tambaya da amsa duk sauti ɗaya, kuma tana rikita tsawon wasali da karin sauti: garin tuwo ya koma gari na mutane, wuyan riga ya koma wuyar sha'ani. Hausa ba ta yafe wannan. Auta ta saurari ɗaya na minti biyu ta ce in kashe, wai matar ba ta da lafiya.

Na rubuta wa masu sayarwar duk wannan. Sun amsa cikin ladabi a ranar, sun ce za su gyara haruffan a bugu na gaba, maganar murya kuwa ba su ce komai ba. Na tambaya ko ana iya sayen ɗaya-ɗaya, suka ce a'a, sai dai duka shidan. Wannan ne babban abin da zan riƙe musu. Da ana rabawa, da na ce kowace uwa ta sayi mai jan bango ido rufe, ta ƙara da na direban in akwai sarari, ta bar sauran. Yadda yake yanzu, dubu 18 za ki biya don littafi ɗaya da rabi. In kina da maƙwabciya ko 'yar'uwa mai yara, ku haɗa kuɗi ku riƙa karɓa-karɓa. In kuma yaronki yanzu yake koyon karatu kuma jimloli masu sauƙi kawai kike nema ya yi atisaye, ukun nan marasa baki za su yi wannan aikin, sai dai ki bi biyun da ba su da lanƙwasa da biro ki gyara kafin ki miƙa masa. Ni haka na yi, dare ɗaya ya ɗauke ni.

Wani abu da ban zata ba ya biyo baya. Hafsa ta yago takardu daga tsakiyar littafin lissafinta, laifin da muka yi shari'arsa daban, ta fara rubuta nata labarin. Na leƙa tana makaranta. Wata yarinya ce ke bayanin yadda aka yi kwalbar man gyaɗa ta faɗi da kanta daga kan kanta, ba wanda ya taɓa ta. Rubutun cike yake da kurakurai, ta rubuta "ƙwalba" da lanƙwasa inda babu, amma ina karantawa ina jin muryarta da yadda take tura baki. Kwalbar man kuwa gaskiya ce, tun watan jiya nake neman wanda ya fasa ta.

Jiya Abba ya sa na sake tura musu saƙo in tambaya ko yarinyar mai akuya tana da littafi na biyu, don shi yana so ya san ko an samo takalmin. Sun ce yana hanya. Ban gaya masa ba tukuna cewa in ya fito, wataƙila sai mun sake sayen wasu biyar tare da shi.