Kala-azar: gwajin yatsa ko gwajin PCR?

A Damagaram, yaro ya yi sati uku yana masassara, ya rame, saifarsa ta kumbura, an ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji sauƙi ba. A nan ya kamata likita ya tuna da kala-azar, cutar da wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba yake yaɗawa da cizo. Ta yi ƙamari a Sudan da Habasha, kuma matafiya kan ɗauko ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu ita mutuwa suke yi.

Gwajin rK39 shi ne na kusa. A soki yatsa, a ɗiga jini a ɗan tsinke, cikin minti 20 layi ya fito. Ba ya buƙatar lantarki, ko a ƙauye ana yin sa. Sai dai ba ƙwayar cutar yake gani ba, garkuwar da jiki ya yi mata yake gani. Shi ya sa wanda ya warke tuni yakan ci gaba da nuna alama, mai cutar sida kuwa gwajin yana iya kasa gano kala-azar a jikinsa. Wannan ne ya fi damuna.

PCR kuwa ƙwayar halittar cutar yake nema, har ya bambanta Leishmania donovani da infantum, wato nau'o'i biyu na ƙwayar da ke kawo kala-azar, abin da ke taimaka wa masu bin sawun yaɗuwarta. Amma yana son na'ura, da firji, da ƙwararru, da kwanakin jira.

A ganina a fara da na yatsa. In sakamakon ya saɓa da abin da likita yake gani, ko ciwon ya dawo bayan magani, a aika jini a yi PCR.